Tumbi, magi da haɗin kauri: ta ina mutum zai fara?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah ban da dariya. Shekarata 44, shago gare ni a Kantin Kwari. Makon jiya ciwon kai ya dame ni kwana uku, na tsaya a kemis aka ɗaura min abin awo, ya nuna 158 bisa 98. Na ce rana ce ta buge ni. Jiya na je asibiti aka gwada sau biyu, kusan hakan dai. Likita ya rubuta magani, ya kalli cikina ya ce, Alhaji, wannan ma sai ya sauka, a rage gishiri, a rage zaƙi, a dinga tafiya. Na dawo na hau waya ina bincike, duk abin da nake gani su tuffa ne da wani hatsin Turawa na gwangwani da kifin da ban taɓa ganinsa a Kano ba. Mu tara ne a gidana, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ta ina ya fara?

Kawu na Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya. Amma ni wannan zance na likitocin zamani ya ishe ni. Kakana malmala uku yake tashi da ita ta tuwon dawa, man shanu na kwance a kan miya, ya kora da fura. Ya haura 90 da haƙoransa. Yanzu an ce kar a ci wannan, kar a ci wancan. Tumbi kuma ai rufin asiri ne. Ka sha maganinka ka ci abincinka, kwana in ya ƙare ya ƙare.

Ummu Haidar: Kawu, kakan naka a shago yake wuni kan benci, fanka na kaɗa shi, yaro na kawo masa shinkafa da lemon kwalba?

Kawu na Fagge: Noma yake yi. Da jakinsa yake shigowa birni.

Ummu Haidar: To ka ba kanka amsa.

Sista Maman Ilham: Sannu Abban Sadik, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin wannan kullum muna gani. Na farko, maganin nan kar ka ajiye shi don ka ji kai ya daina ciwo. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, mutum na yawonsa lafiya lau har ranar da zai faɗi. Daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini in an maimaita awo a ranaku daban, kai kuma ka wuce nan. Na biyu, ka manta da tuffa. Kafin in ce komai, faɗa mana abin da ka ci jiya, daga asuba har ka kwanta. Kar ka rage komai.

Abban Sadik: Toh. Da safe ba na cin na gida, sauri nake. A bakin kasuwa mai shayinmu ya yi min haɗin kauri, burodi da ƙwai uku. Wajen 11 na sha lemo ɗaya saboda zafi. Azahar shinkafa da miya da nama, da wani lemon. La'asar baƙo ya zo daga Agadas, an sayo tsire, ba zan bar shi ya ci shi kaɗai ba. Na isa gida bayan isha'i, tuwon shinkafa miyar taushe, malmala biyu. Na ɗan taɓa kallon labarai, barci ya ɗauke ni a kujera.

Ɗan Ƙwallo: Innalillahi. Yallaɓai, wannan ai walima ce ba wuni ba 😂

Sista Maman Ilham: Ƙanina bar dariya, rabin mazan zauren nan haka suke ci, shi dai ya yi gaskiya ne. Abban Sadik, mu ɗauki zaƙi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kar ya wuce kimanin gram 50, wato cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a 6. Da yawa daga lemon kwalban nan akwai gram 10 ko sama a kowace mililita 100, yana rubuce a jikin robar, ka juya ka duba. Ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye maka kason yini gaba ɗaya. Kai ka sha biyu, ga haɗin kauri wanda ni na tsaya na ƙirga, mai shayi na zuba cokali huɗu zuwa biyar kafin madara da garin koko, su ma da nasu sukarin. Ba ka taɓa tuwo ba tukuna ka ninka abin sau biyu ko uku. In da ni ce kai, makon nan ba zan canza komai a tukunyar gida ba. Lemon nan kawai zan mayar ruwa, in ce wa mai shayi cokali ɗaya.

Baban Walida: Ni na bar lemon kwalba na koma zoɓo da kunun aya, na gida.

Sista Maman Ilham: Wa ke zuba sukarin?

Baban Walida: Uwargida. Da gwangwani take aunawa, gaskiya.

Sista Maman Ilham: To an gudu ba a tsira ba. Zoɓo kansa ba laifi, akwai ma binciken da ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, amma kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani. Zoɓon da aka narka wa gwangwanin sukari kuwa lemon kwalba ne ya sake riga. Haka zuma, haka mazarƙwaila. Jiki bai san wannan na gargajiya ba ne.

Ummu Haidar: Ni bari in yi magana a madadin masu tukunya, don na ga duk maza ne ke ta shawara. Maigidana ma an ce masa ya rage gishiri shekara biyu da suka wuce. Ranar farko na rage magi daga 8 zuwa 3 a miyar kuka. Ya ɗanɗana ya ture kwanon, wai ko ina fushi da shi ne. Ya fita ya ci balangu. To wa aka yi wa? Kuna dawowa daga asibiti ku ce a gyara girki, in an gyara ku ce hannunmu ya lalace, har a fara yi mana barazanar ƙarin aure a cikin wasa. Abban Sadik, in ba ka zauna da Maman Sadik kun yi magana ba, ka kuma yi alƙawarin ba za ka ture kwano ba, duk abin da ake rubutawa nan a waya zai tsaya.

Hajiya ta Tudun Wada: Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin faɗi abin da ke raina.

Abban Sadik: Na karɓi laifi tun kafin a kai ni ƙara. Amma ya kika yi daga baya?

Ummu Haidar: Wayo na yi masa. Na koma 8 ɗin, sai nake zare ɗaya duk bayan kwana goma ban faɗa wa kowa ba. Inda na zare, na ƙara daddawa, albasa mai yawa, citta, tafarnuwa, kanumfari kaɗan, in da hali garin busasshen kifi. Daddawar nake dakawa da kaina da barkono, ba ta kasuwa mai gauraye ba. Yanzu 3 nake sawa a tukunyar mutum bakwai, ba wanda ya ce uffan. Ran nan muka je biki ya ce min miyarsu ta yi gishiri. Na yi shiru ina dariya a ciki.

Sista Maman Ilham: Wannan ita ce hanyar, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ga lissafin don masu cewa ai magi ba gishiri ba ne. Ƙaramin dunƙule gram 4 ne, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini, daga duk abincinsa, bai kai gram 5 ba, cokalin shayi ɗaya bai cika ba. In an jefa 8 a tukunyar mutum bakwai, kowa ya samu sama da gram 2 a kwano ɗaya, ba a zo kan gishirin da aka barbaɗa ba. Sai yajin tsire, shi ma magi da gishiri ne aka daka a ciki. Sai burodi. Sai garin da ke cikin ledar taliyar yara. Sai kanwa, wadda mutane ba sa lissafawa, alhali sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini shi ne a cikinta.

Hajiya ta Tudun Wada: A'a Sista, kanwa kuma? Mu da muka sha kunun kanwa haihuwa tara? Ita ke gyara mai jego, ta kawo ruwan nono.

Sista Maman Ilham: Hajiya, da girmanki, wannan ba yau aka gano ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura mata da yawa na zuwa da ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ba kowace mace yake kamawa ba, shi ya sa ke Allah ya kiyaye ki. 'Yar kanwar da za a jefa a ɗanwake ko miyar kuɓewa daban, kofi-kofi kullum har kwana arba'in daban.

Hajiya ta Tudun Wada: Hmm. Ni dai ban gamsu ba, amma zan tambayi likitar surukata. Ku ci gaba.

Ɗan Ƙwallo: Duk kun tsaya a kicin. Yallaɓai, ka yi rajista a gidan motsa jiki kawai. Wata uku ka ɗaga ƙarfe, ka hau keken nan, tumbin zai narke. Ko ka zo Race Course ranar Asabar da safe, ka ga manyan mutane na zagaye. Taku 10,000 kullum, waya za ta ƙirga maka.

Baban Walida: Na yi rajistar nan sau biyu. Zuwa huɗu na yi a ta farko, ta biyu zuwa ɗaya. Takalmin yana ƙarƙashin gado, yara na wasan mota da shi. Mutumin da ke buɗe shago 8 ya rufe magariba, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023, yaushe zai ƙetare gari don ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina?

Injiniya: Taku 10,000 ɗin nan ma ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfani ne a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya sa mata suna mai nufin ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. Ba laifi ba ne mutum ya kai, amma wanda ke yin 2,000 in ya koma 5,000 ya ci riba, kar lambar ta karya masa gwiwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya kai 150.

Abban Sadik: Matsakaici kamar yaya? Don ni ina zirga-zirga a kasuwa.

Injiniya: Zirga-zirgar Kwari ba ta shiga, taku biyar ka tsaya gaisawa, taku biyar ka kauce wa mai kura. Tafiyar da ake nufi ita ce wadda za ka iya amsa sallama da gajeriyar magana, amma in an ce ka rera karatu numfashi ba zai bari ba. Ni abin da ya zauna min, bayan sallar asuba ba na komawa gado. Da jallabiyata da silifas mai kyau nake miƙe titin unguwa, minti 15 tafiya, minti 15 dawowa. Iska da sanyi, ba hayaƙin adaidaita, ba mai tare ka da hira. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Kilo 7 kawai na sauke, ba wani abin a zo a gani ba, amma yanzu ina hawa benen ofis ban tsaya a tsakiya ina yi kamar ina duba waya ba.

Malam na Zariya: Madalla da Injiniya. In ƙara da cewa ya zo a hadisi ingantacce, mafi girman lada a salla shi ne wanda ya fi nisan tafiya zuwa gare ta. Mu kuwa masallacin ƙofar gida ma wani da mashin yake zuwa. Abban Sadik, zaɓi masallacin da ke da nisan minti goma don isha'i, ka samu biyu. Batun ciki kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in ba makawa, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Tirmizi ya ruwaito. Kawu, wannan ba likitan zamani ya faɗa ba.

Kawu na Fagge: Sallallahu alaihi wa sallam. Malam ka ɗaure ni ta inda ba zan iya motsi ba.

Maman Ihsan: Ku maza kuna da titi da masallaci. Mu fa? In na fita da asuba ina sauri a layinmu, kafin hantsi an kai wa surukata labari wai na samu taɓin hankali ko na yi yaji. Kuma a ce aikin gida ya isa, alhali yanzu markaɗe inji, daka inji, ruwa 'yan garuwa. Kakanninmu surfe kaɗai ya ishe su.

Ummu Haidar: 'Yar uwa, tsakar gida. Ni igiyar shanya na yanka nake tsalle da ita in yara sun tafi makaranta, da farko 20 nake yi in zauna ina haki, yanzu ina kai 150 a hutu uku. Maƙwabciyata gwiwa ke damunta, ita zagaye take yi daga ƙofar kicin zuwa zaure tana sauraron karatu a waya har a gama izu ɗaya. Islamiyya kuma mun daina hawa adaidaita, mu huɗu muke takawa da hijabanmu, ba mai cewa komai tunda an san inda za mu.

Maman Ihsan: Wannan ta Islamiyyar ta yi min. Amma wani abin, mu mata an sa mu a tsakiya. Ka rame a ce miji ba ya kula da ke, ƙawaye su kawo miki sha ka fashe. Ka yi ƙiba a kawo miki shayin rage tumbi.

Sista Maman Ilham: Duka biyun ku guje su, don Allah. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan sha ka fashe akwai ƙwayar da ake ba masu asma da kumburi a ciki. Fuska ta cika, ciki ya fito, a ɗauka ƙiba ce, alhali ruwa ne da kitse marar kyau, ga ta tana tayar da sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi. Shayin rage tumbi kuma da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa. Sikeli ya sauka kwana biyu, ki sha ruwa ya dawo.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Ni abin da ke ban mamaki, kuna da Dawanau, kuna da 'Yankaba, kuna da 'Yan Lemo, amma Alhaji na kukan tuffa. Mu nan da rana hura ce da nono, in an samu dambu da zogala da ƙuli a kai, shi ke nan har dare. Wanga abinci ba na talauci ba ne, ku kuka raina shi. Sai dai mu ma yanzu an lalata hurar da sukari, gaskiya ɗaya ce.

Sista Maman Ilham: Ka taɓo inda nake son zuwa. Ganye da 'ya'yan itace gram 400 ake so a yini, kuma ba a ce sai na kanti ba. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lansir, kabewa, kuɓewa, yalo, gauta, gurji, karas, gwaiba, gwanda, kankana, duk wanda lokacinsa ya kama ya yi araha. Abban Sadik, a kwanonka na dare juya lissafin: malmala ɗaya, miya mai ganye ta fi tuwon yawa, in da kwaɗon rama ko zogale ka fara da shi. Wake ka riƙe shi da kyau, alale, fate, garau-garau da waken ya rinjayi shinkafa. Ƙosai da awara ma lafiya, matsalarsu man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi.

Baban Walida: Tuwon alkama fa? An ce shi ne na masu suga. Ko acca.

Sista Maman Ilham: Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Alkama, acca, dawa, gero, masara, shinkafa, duka in sun shiga ciki sukari suke komawa. Wanda ba a cire masa dusa ba ya fi, don yana tafiya a hankali yana riƙe ciki. Amma na ga masu cin malmala uku ta alkama da zuciya ɗaya wai magani suke ci, su zo awo sukari ya haura. Yawan shi ne magana, sai lokacin. A ci tuwo ƙarfe 10 a kwanta 10 da kwata, wannan ko na mene ne bai yi ba.

Abban Sadik: Baƙi fa? A kasuwa in ba ka saya wa baƙo lemo da nama ba an ce ka yi rowa, in ka saya ba ka ci ba an ce ka raina shi.

Injiniya: Ka ce likita ya hana. Ba wanda ke jayayya da wannan, sai ma ya fara ba ka labarin nasa awon. Kuma tunda a Kwari kake, tef ɗin awo na hannunka. Auna tsayinka, ka auna cikinka daidai saman cibiya, ba inda kake ɗaure wando a ƙasan tumbi ba. Ana so zagayen ciki ya gaza rabin tsayi. Ya fi sikeli faɗin gaskiya.

Abban Sadik: Na auna yanzu, yaran shago na kallona. Tsayi inci 68, ciki 43.

Ɗan Ƙwallo: Saura inci 9 Yallaɓai, kusan kwatan yadi 😂

Abban Sadik: Kai dai Allah ya shirye ka.

Abban Sadik: Salam. Na dawo da rahoto bayan mako uku. Lemon kwalba sau biyu kawai na sha, duka a wurin ɗaurin aure. Mai shayi ya yi fushi kwana biyu, wai shayin da nake sa shi haɗawa zai ɓata masa suna, yanzu da ya hango ni yake cewa a kawo na marasa lafiya. Tafiyar asuba na yi 13 cikin 21, ranar da aka yi ruwa da ranakun da na makara ban fita ba. Maman Sadik ta ce a gaishe da Ummu Haidar, ashe ta fara zare magin tun kafin in yi mata magana, ban kuma gane ba. Malmala ɗaya ce har yanzu take ba ni wahala, wani daren sai na ƙara rabi. Awo jiya 144 bisa 90, ina kan magani. Tef kuma 42 da rabi, ko kuma na ɗan shanye cikin, ban sani ba.

Sista Maman Ilham: Alhamdu lillahi. Ka koma asibiti ranar da aka ba ka ko da ka ga ya sauka, su ne za su ce a ƙara ko a rage.

Kawu na Fagge: Abban Sadik, wannan awon da safe ake zuwa ko da yamma? Wani ne ya ce in tambayar masa.

Sista Maman Ilham: Kawu, ka ce wa wanin ko yaushe ya samu dama. Ya zauna ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa, kuma ya tofar da goron tun rabin awa kafin ya shiga.